Babbar Tazara da Ƙaramar Tazara a Ilmin Kiɗa



Yawancinmu mun rera do, re, mi tun muna firamare, amma ba a gaya mana abin da ke tsakanin waɗannan muryoyi ba. Nisan da ke tsakanin murya da murya shi ake kira tazara a ilmin kiɗan Turai.

Ma'auninta shi ne rabin taki, watau nisa daga maɓallin piyano zuwa maƙwabcinsa, fari ko baƙi. Daga do zuwa do ta sama akwai rabin taki 12. Wajen gina tazara, da fari mukan ƙidaya sunaye, har da wanda muka tashi daga kansa: do, re, mi, uku ke nan, sai mu ce tazara ta uku. Sa'an nan mu ƙidaya rabin taki. Daga do zuwa mi 4 ne, ita ce babba. In muka sassauto da mi suka koma 3, ta zama ƙarama. Haka ta biyu, babba 2, ƙarama 1. Ta shida 9 da 8. Ta bakwai 11 da 10. Ta huɗu da ta biyar da ta takwas kuwa cikakku ake ce musu, ba su da babba da ƙarama.

Tushen wannan lissafi yana jikin tsirkiya. In muka danne ta, kashi 4 cikin 5 na tsawonta ya yi ƙara, mun hau babbar ta uku. In kashi 5 cikin 6 ne, ƙarama. Haka Zarlino, masanin Italiya, ya bayyana a littafinsa na 1558. Amma piyano ya raba rabin takinsa 12 daidai wa daida, saboda haka babbar ta ukunsa ta ɗara ta tsirkiya da kimanin kashi 1 cikin 7 na rabin taki.

To, a nan ne ya kamata mu yi hattara. Mai goge da mai garaya da kunne suke ɗaure tsirkiya, ba da piyano ba. Duk ranar da muka zauna rubuta kiɗansu, in ba mu tuna cewa mudun wata kasuwa muke awo da shi ba, za mu tanƙwara muryar makaɗi don ta shiga takarda, mu koma muna cewa shi ya yi kuskure. Mu koyi ma'aunin sosai, mu kuma san iyakarsa.