Bashin da ke Wuyan Ɗalibi: Jawabi ga Jama'ar Jega da Aliero da Maiyama

Ya ku malamai da dattawa da samarinmu, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku, zan yi magana a kan wata makaranta ta dauri, domin akwai abin lura cikinta ga ɗiyanmu na yanzu.

Ku sani, a shekarar 1921 aka fara karatu a Kwalejin Katsina, a 1922 kuma Gwamna Clifford ya zo ya buɗe ta. Nufin kafa ta shi ne a horar da malamai waɗanda za su karantar a lardunan Arewa. Ginin kuwa na ƙasa ne, irin na gidajenmu. An raba ɗalibai gida gida, wani gidan ana ce masa Illela, wani Hankaka. Shekara 5 yaro ke yi, yana koyon Turanci da lissafi da labarin ƙasa da tarihi, da Larabci wurin malamai irin su Malam Bello Kagara. In la'asar ta yi sai a fita wasa, da ƙwallon ƙafa, da kurket, da fayis, wadda ake bugawa da tafi a jikin bango. Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, ya shiga a 1926, ya yi suna ƙwarai ga wasan nan na fayis. Zamanin nan kuwa da ƙafa yaran Sakkwato ke zuwa Katsina, tafiyar kwanaki, su da 'yan alabe.

To, wa ya ciyar da su? Baitulmalin ƙasarsu. Mene ne cikin baitulmali? Harajin manomi da jangalin makiyayi. Ashe gumin talaka suka ci, kuma da aka sallame su sai suka koma biyan bashi. Ahmadu Bello ya fita a 1931, ya kama karantarwa a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fita a 1933, ya koma Midil ta Bauchi. Abubakar Imam ya karantar a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja, a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Alli suka fara riƙewa kafin su riƙi mulki.

Amma kada in ɓoye muku aibinta. Ƙofarta ƙunci gare ta. Yara kaɗan ake ɗauka kowace shekara daga dukan Arewa, da yawansu ɗiyan sarakuna da ma'aikata, kuma ba a ɗaukar ɗiya mace ko ɗaya, alhali a ƙasar nan tamu Nana Asma'u ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata.

Yanzu fa? A 1938 aka mai da kwalejin Kaduna, a 1949 Zariya, ita ce Barewa. Mu kuwa Allah Ya kawo mana jami'a cikin Aliero tun 2006, ga makarantar koyon aikin lafiya a Jega. Abin da mutanen da suka yi wa tattaki, ga shi bakin ƙofarmu.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, kuɗin albasar Aliero da cinikin kasuwar Jega da hatsin Maiyama, su ke riƙe da ku, ko ta hannun iyayenku ko ta hannun hukuma. Ƙungiyoyinku na makaranta kada su tsaya ga zaɓen shugabanni da walima. In an yi hutu, kowa ya tara ƙannen unguwarsu, maza da mata, ya koya musu karatu da lissafi. Mai koyon aikin lafiya ya zauna da iyayenmu mata a kan ruwan sha da rigakafi. Mai koyon ilmin noma ya tafi rumbun albasa, ya duba abin da ke ruɓar da ita.

Ku kuma iyaye, Turawa sun ƙuntata ƙofa a Katsina, kada mu ƙuntata tamu da hannunmu. Ku bar ɗiyanku mata su shiga.

Allah Ya ba mu ikon biyan wannan bashi kafin a tambaye mu shi. Haza wasalam.