Bin Sawun Maziyarta Shafin Intanet Ba Tare da Rubuta Manhaja Ba

Bin sawun maziyarci shi ne lura da abin da mutum yake yi daga shigarsa shafin intanet har fitarsa, a adana shi ta yadda za a iya ƙirgawa. Mai shagon atamfa a kasuwar Kazaure yana yin wannan aiki kullum ba tare da ya ba shi suna ba. Yana ganin wadda ta ɗaga turmi ta shafa, ta tambayi kuɗi, ta taya, aka ce albarka, ta ajiye ta wuce shagon gaba. Kafin la'asar ya san zanen da ke jan ido da farashin da ke korar mai saye. Mai shafin intanet kuwa ba ya ganin kowa. In bai tanadi ma'auni ba, iyakar abin da zai sani shi ne mutum kaza sun shigo, kuma wannan adadi shi kaɗai ba ya gyara komai.

Batun ya shafi yankin Kazaure da kewaye kai tsaye. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da fasahar sadarwa ta jihar Jigawa, a Babura kuma akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2021. Harkar neman gurbin karatu da biyan kuɗin makaranta ta koma intanet, kuma ɗalibin da ke Roni ko Gwiwa da wayarsa yake fara ƙwanƙwasa ƙofar makaranta. Inda ya tsaya ya kasa ci gaba, nan ne hukumar makaranta ta fi buƙatar sani.

Manhajar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce Google Analytics, wadda ta fito a 2005 bayan Google ya sayi kamfanin Urchin. Tsohon tsarinta ya ginu ne a kan ƙirga ziyara da buɗe shafuka. A 2020 aka fito da sabon tsari mai suna GA4, tsohon kuma ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yuli, 2023. A sabon tsarin komai motsi ne: buɗe shafi motsi, danna maɓalli motsi, sauke takarda motsi. Kowane motsi yana da suna, yana kuma tafe da bayanan rakiya, kamar shafin da abin ya faru da irin na'urar da aka yi amfani da ita.

Wasu motsin manhajar tana kama su da kanta da zarar an kunna mata. Tana lura da wanda ya gangara har kashi 90 cikin ɗari na shafi, da wanda ya danna mahaɗin da ke fitar da shi zuwa wani shafin, da mai bincike a akwatin nema, da mai sauke fayil, da wanda ya fara cike fom. Wannan ya isa mafari. Sai dai manhajar da aka ƙera a Amurka ba ta san abin da ya dami dillalin riɗi a Babura ba. Shi tambayarsa guda ce: cikin waɗanda suka duba farashin buhu, mutum nawa suka danna alamar WhatsApp don a yi magana? Amsa irin wannan tambaya shi ne aikin motsi na musamman, wato wanda mai shafi ya ƙirƙira da kansa ya raɗa masa suna.

A da sai an nemo mai rubuta manhaja ya buɗe cikin shafin ya ƙara layuka, a biya shi, in an sake shawara a sake kiransa. Google Tag Manager, wadda ta fito a 2012, ita ta rage wannan wahala. Gaskiyar magana, akwai ɗan guntun rubutu da dole a liƙa a shafin sau ɗaya tun farko, ko da yake masu amfani da WordPress suna iya yin hakan ta ƙaramar manhajar Site Kit ba tare da sun taɓa rubutun ba. Daga nan sauran aikin zaɓe ne da dannawa. Abu biyu ake haɗawa: kunama da saƙo. Kunama ita ce sharaɗin, kamar ta bindiga, sai an taɓa ta abu ke tashi. Saƙo shi ne abin da za a aika wa ma'ajin ƙididdiga. Dillalin zai saita kunama cewa duk mahaɗin da aka danna mai ɗauke da wa.me a adireshinsa, wato mahaɗin WhatsApp, a aika saƙo mai suna danna_whatsapp. Sai ya buɗe wurin gwaji, ya shiga shafinsa kamar baƙo, ya danna alamar, ya ga sunan ya bayyana a gefe. In ya bayyana, ya wallafa. Aikin bai kai tsawon zaman shan shayi ba.

Cikin GA4 kanta ma ana iya ƙirƙirar sabon motsi daga wanda ake da shi. Jami'in ɗaukar ɗalibai zai iya cewa duk buɗe shafin da ke nuna an karɓi fom a kira shi kammala_fom, ya sa masa alamar muhimmin motsi. Idan ya jera buɗe fom, da ɗora hoto, da biyan kuɗi, da kammalawa, zai ga matakin da mutane suke zubewa. In a wajen ɗora hoto ne, mai yiwuwa girman da aka ƙayyade ya fi ƙarfin wayar ɗalibi ko sabis ɗin ƙauyensu, kuma gyaran na rana ɗaya ne. Sunan motsi ba ya wuce harafi 40, ba a barin fili a cikinsa, kuma babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin manhajar. Sabon motsi daga ranar da aka ƙirƙire shi yake fara ƙirguwa, ba ya komawa baya, saboda haka kafin a buɗe ɗaukar ɗalibai ake saita shi.

Akwai kuma Microsoft Clarity, kyauta ce, ta fito a 2020. Tana zana taswirar wuraren da yatsu suka fi sauka, tana kuma nuna inda mutum ya yi ta danna abu ɗaya cikin fushi don ya ƙi buɗewa.

Alƙaluman nan ba a haɗiye su yadda suka zo. Mai shagon kwamfuta ɗaya a Kazaure yana iya cike wa ɗalibai da yawa fom a na'ura guda, manhaja ta ƙirga su mutum ɗaya. Waya ɗaya tana zagaya gida. Mai amfani da datar waya a Gwiwa sau da yawa rahoto yana nuna shi a Kano ko Legas, domin ta can layin kamfanin sadarwa ya fita. Wanda ya yanke hukunci da wannan cewa mutanen karkara ba sa shiga shafinsa ya zalunce su, ya kuma yaudari kansa. Sauƙin aikin ma tarko ne, domin mai sabon hannu yakan saita motsi talatin ya rasa wanda zai duba. Tambaya uku da aka rubuta a takarda kafin a taɓa kwamfuta sun fi amfani.

Saura batun amana. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta wajabta wa mai tattara bayanan mutane ya kasance da halastaccen dalili, ya kuma sanar da su abin da yake tattarawa da abin da zai yi da shi. Ƙa'idar Google ma ta hana a aika suna ko lambar waya ko adireshin imel cikin Analytics. Kuskuren yakan faru ne ba da gangan ba, idan fom ya zuba abin da aka rubuta a cikin adireshin shafi, manhajar ta kwashe shi gaba ɗaya. Wajibi ne duk makaranta ko ɗan kasuwa a wannan yanki da zai kunna irin wannan ma'auni ya duba adiresoshin da ke shiga rahotonsa tun ranar farko, ya kuma rubuta sanarwar sirri da Hausa bayyananna a inda maziyarci zai gan ta.