Shafen Ƙarfe da Wutar Garuruwanmu



In wuta ta ɗauke a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, waya da turaku muke zargi. Amma mu sani, yawancin lantarkin ƙasar nan daga injunan gas yake fitowa, irin na tashar Geregu ta Jihar Kogi, wadda aka buɗe cikin 2007. A cikin irin wannan inji iska ce mai zafin da ya haura digiri 1,000 take tura fukafukan ƙarfe, su kuma su juya janareta.

Da gamin nikel ake ƙera fukafukan, kuma suna jure wuta. Abokin gabarsu gishiri ne. Wanda iska ta kwaso yakan gamu da farar wutar da ke cikin mai, su zama wani gishiri mai narkewa a digiri 884. Da ya narke a jikin ƙarfe sai ya cinye ɓawon da ke kare shi, ya shiga rarake shi. In man yana da banadiyam, ɓarnar ta fi sauri. Wannan ita ce tsatsar zafi.

Maganinta shafe ne. Akan ratsa fuskar ƙarfen da alminiyam, wani lokaci da filatinam, ko a fesa masa gamin nikel da kuromiyam da alminiyam. Kaurin wani shafen kamar silin gashi ne. Duk wanda ya ga langa ta ɓare ta soma tsatsa, ya san abin da zai faru ran da shafen ya ƙare.

To, ina ruwanmu? Ƙasarmu ta ma'adinai ce, kuma mun ɗanɗani kuɗar jahiltar ƙarfe: a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mun iya haƙa, ba mu san halin abin da muka haƙo ba.

Saboda haka muna kira ga ƙannenmu su nemi sashen ilmin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ku kuma ma'aikata, in takardar gyaran inji ta zo teburinku, kada ku soke kuɗin tace iska da sabunta shafe da sunan tsimi. Fiffike ɗaya in ya karye, sauran na bayansa ma sun tafi.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.