Jawabi Kan Abincin Yau Da Kullum



Mutum yana iya cin tuwo safe da dare har ya ƙoshi, amma jikinsa yana cikin yunwa. Dalili kuwa shi ne abinci kashi uku ne, kowanne da aikinsa. Dawa, gero, masara, shinkafa, doya, rogo da mai su ke ba da ƙarfin aiki. Wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi da nama su ke gina jiki. Ganyaye da 'ya'yan itatuwa, kamar zogale, rama, alayyafo, gwanda da mangwaro, su ke tsare shi daga cuta.

Kashi na biyu shi ya fi ƙaranci a gidaje da yawa, yara kuma su ke fara jin jiki. Yaron da aka yaye, aka bar shi da koko tsura, sai a ga ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja, ya daina wasa. Wannan ita ce cutar kwashiyoko, wadda likita Cicely Williams ta bayyana a 1933 a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Sau da yawa akan ce maita ce ko sammu, har a makara. Yaron da ya kumbura haka, a gaggauta kai shi asibiti.

Rigakafinta ba lalle sai da nama ba. Abin da hatsi ya rasa na gina jiki, wake da gyaɗa suna da shi, saboda haka in aka haɗa su sai su cike wa juna. Shinkafa da wake, koko da ƙosai, kunun gyaɗa, fura da nono, duk abincin gida ne, ba baƙo ba. Garin rogo kuwa kusan ƙarfi kawai yake bayarwa, kada a ciyar da yaro da shi kaɗai. Al'adar nan ta ajiye wa maigida tsoka duka, da hana yaro ƙwai wai don kada ya yi sata, ba ta da tushe. Mai girma da mai ciki da mai shayarwa, su ne ya kamata a fara tunawa da su wajen rabo.

Ganye kuma kada a dafa shi har ya yi baƙi. Manja da kabewa suna kare ido daga dundumi. Tun 1993 aka wajabta sa sinadarin aidin cikin gishirin ci a Nijeriya don hana maƙoƙo. A riƙa ajiye shi a rufe, domin laima da rana suna rage masa sinadarin.