Zancen Rigar Mama Ga Masu Gudu A Kongo



Abin da ya tara mu yau zance ne da kunya ta daɗe tana hana mu faɗa. Waɗansu daga cikinmu nan Kongo sukan fara fita gudu da asuba, kafin mako biyu sun daina. A ce lalaci ne, alhali kuwa ciwon ƙirji ne ya kore su.

Shi mama ba shi da tsoka, fata da waɗansu siraran jijiyoyi ne ke riƙe da shi. Masu bincike a Jami'ar Portsmouth ta Ingila sun auna, suka ga yana iya motsawa har santimita 15 idan mace tana gudu ba tallafi. Irin wannan wahala ce ta sa Lisa Lindahl da ƙawayenta biyu suka ɗinka rigar mama ta gudu a Amurka cikin 1977.

Iri biyu ce: mai danne ƙirji gaba ɗaya, wadda ta ishi mai ƙaramin jiki, da mai riƙe kowane ɓangare daban, wadda ta fi dacewa da mai cikar ƙirji. Lalle mu lura, ɗamarar ƙasa ce ke ɗaukar nauyin, igiyar kafaɗa taimako kawai take yi. Ta kama jiki, amma yatsa biyu su iya shiga.

In mun saya a kasuwar Tudun Wada ko Sabon Gari, mu gwada ta a ɗaki, mu yi tsalle, mu ɗaga hannu. Ta gwanjo kuwa, kome arharta, a ja robar tukuna. In ta saki, a bar wa mai ita.