Ran da Jakar Tarayya Ta Ƙi Buɗuwa



Yawancinmu a ofis za mu ƙare, ofis kuwa ya kwashe fayilolinsa ya zuba a kwamfuta. Takardun albashi da sakamakon jarrabawa duk suna cikin jakar tarayya a babbar kwamfuta guda, kowa yana shiga daga teburinsa. Tun zamanin Windows 2000 kamfanin Microsoft ya kawo Active Directory, inda kwamfutocin ma'aikata suke zama kamar gandu a ƙarƙashin mai gida ɗaya. Ya kuma kawo Group Policy, wato ƙa'idodin da mai gidan yake rarraba musu.

To, ran da akawu ya ce jaka ta ƙi buɗuwa, me za mu yi? Mai gaggawa sai ya buɗe ta ga kowa da kowa. Wannan kuwa cin amana ne, domin ta nan ne wani zai leƙa albashin wani, ɗalibi ya gyara makinsa. Gara mu bi sawun matsalar daki-daki.

Da farko mu duba hanya. Kwamfuta tana gano mai gida ne ta hanyar DNS, idan an nuna mata na waje maimakon na gandu, ta ɓace ke nan. Mu duba agogo kuma, domin Kerberos, mai tantance masu shiga, bisa al'ada ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5. Tsohuwar kwamfutar da batirin agogonta ya mutu takan faɗa wannan rami da zarar an ɗauke wuta.

Na biyu, shin ƙa'idar ta iso? Kwamfuta takan karɓi sababbin ƙa'idodi duk bayan minti 90, wani lokaci da ƙarin da bai wuce minti 30 ba. Umarnin gpupdate /force yana gaggauta su, gpresult /r kuma yana nuna waɗanda suka kama da waɗanda aka tace. Jerin kuwa shi ne ƙa'idar kwamfutar kanta, sai ta wuri, sai ta gandu, sai ta sashe. In sun saɓa, ta ƙarshe ce take rinjaye, sai fa in an tilasta wata daga sama.

Na uku, jakar tana da ƙofa biyu: izinin tarayya da izinin NTFS. Wanda ya fi tsanani shi ne zai yi aiki. Haka kuma wanda aka saka cikin rukunin masu izini yanzu-yanzu, sai ya fita ya sake shiga kafin izinin ya bi shi. Sau da yawa maganin ke nan.

Mu yi hattara da masu cewa a farfaɗo da tsohon tsarin SMB1 don wata tsohuwar na'ura. Ta nan ne WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, har ta gurgunta asibitoci da dama a Ingila.

Jama'a, mabuɗan da za a damƙa mana amana ne. Duk izinin da muka bayar, mu ba rukuni maimakon mutum ɗaya, mu kuma rubuta dalili da kwanan wata, domin wanda zai gaje mu ya san inda muka tsaya.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.