Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Zazzaɓin Yaro Bayan Tiyata Da Bakin Iyaye

Jawabin da aka gabatar a zaman dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata na gunduma

 

An ba mu wannan lokaci domin mu yi magana a kan ziyarar marasa lafiya. Da izininku za mu tsaya a kan abu guda da ya faru a cikinmu bara bayan girbi, domin har yau bai bar zuciyarmu ba. Iyayen yaron sun yarda a faɗa, sai dai ba za mu kama suna ba, na mutum ko na asibiti.

Yaron shekararsa tara, ɗan wani dattijo ne a ɗaya daga cikin ƙananan ikilisiyoyinmu na karkara. Ya yi kusan mako biyu yana zazzaɓi ana sayo masa magani a kemis, har ran da cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Da aka kai shi babban asibiti, likita ya ce taifot ce ta huda masa hanji, dole a shiga tiyata a daren, daren Jumma'a. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurinmu. Yana shiga ta ruwan sha da abincin da ƙazanta ta taɓa, in kuwa ya daɗe ba a yi masa maganin da ya dace ba, a mako na biyu ko na uku yakan ci ƙaramin hanji har ya yi ƙofa. Aka yi aiki, aka ɗinke, yaro ya farka. Ran Lahadi muka yi godiya a majami'a, mata suka yi guɗa.

Kwana biyun farko jikinsa da ɗan zafi. Uwar ta tambaya, nas ta ce ba komai, haka jiki yake yi bayan an yanka shi. Gaskiya kuwa ta faɗa. Rana ta uku zafin ya sauka. Ran Laraba ya dawo, ya ma fi na da. Aka gwada jini aka ga maleriya, aka ba da magani. Amma har Jumma'a zazzaɓin yana nan: a ba shi farasitamol ya lafa, bayan 'yan awoyi ya sake hawa.

Ran Jumma'ar nan da yamma muka je dubiya. Uwar ta ja mu gefe ta ce, "Baba Fasto, wannan ba yarona ba ne. Shekaranjiya ya ishe ni da roƙon ruwa, yau ko kallona ba ya yi." Mun san abin da muka amsa mata, kuma da kunya muke maimaita shi a gabanku. Muka ce, "Mama, ki yi haƙuri, ai likitoci sun san aikinsu, mu dai mu ci gaba da addu'a." Maigidanta ya ƙara da cewa kada ta jawo musu magana a wurin mutane. Muka yi addu'a, muka hau babur muka koma gida da sanyin zuciya, wai mun yi aikin Allah.

Allah da jinƙansa, ran Asabar da safe wata uwa daga zumuntar mata, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, ta kai musu abinci. Ita ta saurari uwar. Ta fita ta sayo ma'aunin zafin jiki a kantin magani, ta zauna, duk bayan awa biyu ta auna ta rubuta a bayan littafin lissafin zumunta, da lokacin da aka ba shi magani, da yawan fitsarin da ya yi. Da la'asar ta ɗauki takardar ta je wurin nas ɗin da ke aiki, ta gaishe ta sosai, ta ce, "Sista, don Allah ki duba wannan. Yau kwana huɗu zafin ba ya sauka sai da magani, tun safe bai yi fitsarin kirki ba, cikinsa kuma ya fi jiya tashi. Muna roƙo a kira likita ya gan shi yau, kada a bari sai Litinin." Nas ɗin ta karanta, ta je ta duba yaron, ta ɗauki waya. Da likita ya zo ya buɗe ɗaurin ciwon sai ga mugunya. Aka ɗauki hoton ciki, aka ga ta taru a can ciki ma. Ran Lahadi da safe, muna cikin sujada, shi yana ɗakin tiyata karo na biyu. Likitan ya gaya wa uban daga baya cewa da an ƙara kwana biyu, da labarin ya zama dabam.

Bayan wannan muka zauna da wani likita ɗan ikilisiya muka ce ya koya mana, kamar yadda ake koya wa 'yan aji ɗaya. Ga abin da muka riƙe. Zafin jikin mai lafiya yana wajen 37 a ma'auni, daga 38 kuwa zazzaɓi ne. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu na farko bayan tiyata yawanci jiki ne yake amsa yankan da aka yi masa, yakan wuce. Wanda ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne wanda ya zarce kwana uku, ko wanda ya tafi sannan ya dawo. Shi wannan ana neman tushensa: ko huhu, domin mai ɗinki a ciki yana jin tsoron tari da jan numfashi sosai, ko robar fitsari da ta daɗe, ko wurin da aka sa allurar ƙarin ruwa, in ya yi ja ya kumbura, ko kuwa ciwon kansa, wanda yakan nuna ruɓa wajen kwana biyar zuwa bakwai. Maleriya ma takan taso bayan tiyata, daidai ne a gwada. Amma a ƙasarmu yara da yawa suna yawo da ƙwayarta a jini, saboda haka ganinta a gwaji bai nuna ita kaɗai ce ke aiki ba. In an fara maganinta kwana biyu ba sauƙi, a sake dubawa. Farasitamol kuma yana sauke zafi ne kawai, ba ya taɓa abin da ya kawo zafin.

Ya kuma ce akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu: numfashi da sauri, barcin da ba a iya ta da yaro daga cikinsa, ruɗewa, jijjiga, tafin hannu da ƙafa su yi sanyi alhali jiki na zafi, fitsari ya ɗauke, ciki ya ƙara kumbura, koren amai, ɗinki ya riƙa zubar da ruwa ko wari. Waɗannan suna iya nuna cutar ta bazu cikin jini, a nan kuwa awa ɗaya ma tana da tsada. Sai ya ƙara da wata magana da ta soke mu: wai idan uwa ta ce ɗanta ya sake, likitan kirki yana ɗaukar wannan a matsayin alama, daidai da abin da ma'auni ya nuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita yana ganin yaro minti biyar a zagayen safe, ita kuwa shekara tara take kallonsa.

To, me ya rufe mana baki? Mun ga abu uku a kanmu. Na farko kunya da kawaici, waɗanda a gida ado ne, amma a gefen gadon asibiti suna iya zama makara. Na biyu ya fi nauyi, kuma namu ne mu 'yan tsiraru. Mun saba da sunkuyar da kai a ofisoshi. Mutumin ƙauye da ba ya jin Turanci, wanda sunan da ke kan katinsa ya riga ya faɗi addininsa, yana tsoron in ya yi magana za a ce ya cika fitina, a huce a kan ɗansa. Ba mu ce wannan tsoro ba shi da tushe ba, da yawa cikinku kuna da labarai. Amma mu faɗi gaskiya a kan wannan karon: nas ɗin da ta kira likita Musulma ce, ita kaɗai ce a ɗakin da ke da gadaje sama da talatin, kuma ba ta nuna mana ko alamar wulaƙanci ba. Ba ƙiyayya ce ta kusa kashe yaron ba, yawan aiki ne da ƙarshen mako da shirunmu.

Na uku laifinmu ne mu masu wa'azi. Mun koya wa mutane haƙuri har suka ɗauka tambaya rashin bangaskiya ce. Ku buɗe Littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, ku ga matar Shunem. Ɗanta ya yi kukan ciwon kai a gona, ya mutu a cinyarta da tsakar rana. Maigidanta ya tambaye ta dalilin tafiya tun da ba ranar sujada ba ce, ba ta tsaya jayayya ba, ta sa aka ɗaura wa jaki sirdi ta nufi Dutsen Karmel. Gehazi ya so ya ture ta, Elisha ya hana shi. Elisha ya aiki baransa da sanda, ta ce ita ba za ta tafi ba sai da shi kansa. Da a asibiti ne, da mun ce ta ƙi ƙaramin ma'aikaci ta nemi babban likita, da kuma wani fasto ya ce mata ta yi haƙuri. Ku duba kuma Yohanna sura 4, ma'aikacin sarki da ya taso daga Kafarnahum zuwa Kana saboda ɗansa mai zazzaɓi. Da bayinsa suka tarye shi da albishir, abin da ya fara tambaya shi ne wane lokaci yaron ya sami sauƙi. Uba ne mai riƙe lokaci, kamar malamarmu da littafinta, kuma lissafin nan ne ya ƙarfafa bangaskiyarsa da ta gidansa duka.

Kada mu ɗauka wannan matsalar talakan ƙauye ce kaɗai. A Birtaniya, a shekarar 2021, wata yarinya mai suna Martha Mills, 'yar shekara 13, ta faɗi daga keke ta ji ciwo a ciki, aka kwantar da ita a wani babban asibiti a Landan. Cuta ta shiga jininta. Iyayenta masu ilimi ne, uwar edita ce a jarida, sun yi ta nuna damuwa ana kwantar musu da hankali, har ta rasu. Binciken da aka yi a 2022 ya nuna da an mayar da ita ɗakin kulawa ta musamman da wuri, da mai yiwuwa ta rayu. Iyayen ba su yi shiru ba, har a 2024 aka fara aiki da wani tsari mai sunanta a asibitocin gwamnatin Ingila, wanda ya ba majinyaci ko danginsa damar kiran wasu ma'aikatan dabam su zo su sake dubawa cikin gaggawa, in suna ganin jiki na ƙara lalacewa ba a saurare su ba. In 'yar jarida a Landan ta sha wuyar a ji ta, ina ga matar manomi?

Mu ma a Nijeriya ba a bar mu hannu rabbana ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi wa majinyaci bayanin ciwonsa da hanyoyin magani cikin harshen da yake ji. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin majinyata. A asibitocin tarayya kuma akwai teburin SERVICOM na karɓar koke. Tambaya da Hausa, a amsa maka da Hausa, haƙƙinka ne.

Amma ba mu tara ku domin mu koya muku faɗa da nas ba. Wanda ya shiga da zagi ya rufe wa ɗansa ƙofa. Ku lura da yadda malamar nan ta yi: ta gaisa, ta kawo abin da ta gani a rubuce, ta faɗi abin da ya sake tun jiya, ta roƙi abu guda takamaimai, wato likita ya zo yau. In an ce ba komai, a tambaya cikin ladabi: me ake zato ya kawo zafin, wane gwaji aka yi, wace alama ce in mun gani mu kira ku? In har yanzu hankali bai kwanta ba, a nemi babbar nas ta ɗakin, sannan babban likitan da yaron ke ƙarƙashinsa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, sai dai bayan an durƙusa a faɗi abin da ya kawo mutum. A kuma faɗi duk abin da aka ba yaro a ɓoye, jiƙo ne ko saiwa ko maganin kemis, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu masu shafa mai kuma, goshi ya isa, kada hannun kowa ya kusanci ɗinki.

Ga roƙonmu ga wannan zama. Kowace ikilisiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, masu karatu da sanyin baki, waɗanda in an kwantar da ɗan ikilisiya za su je su zauna tare da iyaye lokacin zagayen likitoci, musamman Jumma'a zuwa Lahadi. A fitar musu da kuɗin mota daga baiko, a saya musu ma'aunin zafi da littafin rubutu. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su ba su horo na yini guda. Mu fastoci kuma, in mun je dubiya, kafin mu rufe ido mu yi addu'a mu fara tambayar uwa abin da ta gani, mu tsaya har ta gama.

Yaron ya yi mako shida a asibiti, ubansa ya sayar da sa ɗaya cikin biyun da yake huɗa da su. Yanzu ya koma makaranta, da dogon tabo a ciki da yake nuna wa abokansa. Mun je har gida mun roƙi uwarsa gafara a gaban maigidanta, ta yi ta rufe fuska tana cewa ba komai, Baba. Tana tare da mu a nan yau, ta kuma ce a rubuta sunanta na farko a cikin masu rakiya na ikilisiyarsu, ko da yake ba ta iya karatu ba, 'yarta za ta riƙa yi mata rubutun. Sakatare yana bakin ƙofa da takarda, sauran ikilisiyoyi su ba da sunayensu kafin a tashi cin abinci.